Lahadi za a fara: wai me muke tsammani daga Man U a bana?

Tela Mai Jan Zare:
Assalamu alaikum 'yan gida. Saura kwana uku mu karɓi Arsenal a Old Trafford, Lahadi 17 ga Agusta 2025 da ƙarfe huɗu da rabi, kuma tun ranar Asabar da aka nuna sabon ɗan gabanmu Sesko na ga wasunmu sun sauya hoto suna rubuta "mun dawo". Daga ina muka dawo, jama'a?

Bari in tuna mana, don mantuwarmu ta yi yawa. Bara a na 15 muka ƙare da maki 42. Sau 18 aka doke mu, tara daga ciki a gidanmu. Ƙwallo 44 muka ci a wasa 38, in ka cire ƙungiyoyi ukun da suka faɗi, Everton ce kaɗai muka fi cin ƙwallo. Tun daga farkon kaka har ƙarshenta ba mu taɓa cin wasa biyu a jere a Firimiya ba. Rabon da a ga irin wannan tun 1974 da ƙungiyar ta faɗi, lokacin yawancinmu ba a haife mu ba. Sannan Tottenham, wadda ta ƙare a na 17, ta je Bilbao ta karɓe mana kofin Yuropa, karo na huɗu kenan da ta doke mu a kaka ɗaya.

Ni tela ne, da abin da na sani zan yi magana. In mutum ya kawo min shadda, shi nake aunawa sannan in yanka. Kocinmu Amorim kuwa ya riga ya ɗinka rigarsa tun daga Fotugal, 'yan baya uku, yanzu yake neman wanda za ta yi wa daidai. An kashe kusan fam miliyan 200 a kan Cunha da Mbeumo da Sesko, wato an yi wa wuyan riga aiki mai tsada, amma tsakiya tana nan yadda take, gola yana nan yadda yake. Ni dai abin da na sa a raina: maki 60, na bakwai ko na takwas, a daina zuwa gidanmu ana cin mu kamar gidan marayu. Wanda ya ce huɗun farko ya zo ya faɗa min da waɗanne 'yan tsakiya.

Ɗan Autan Old Trafford:
Haba Yaya Tela, kaka ba a fara ba har ka fara mana zaman makoki. Mbeumo ƙwallo 20 ya ci a Brentford bara, Cunha 15 a Wolves. Su biyu kawai 35 kenan. Mu duk ƙungiyarmu 44. Hojlund da Zirkzee in ka haɗa su bakwai suka ci a Firimiya. Bakwai! Ciwon da ke damunmu kenan kuma an sayo maganinsa. Na huɗu in sha Allahu, ka ajiye wannan rubutun.

Tela Mai Jan Zare:
Na ajiye, ƙanena. Bara ma kai ne ka ce Zirkzee zai ci 15.

Ɗan Autan Old Trafford:
Wannan tsohon zance ne 😂

Injiniya Na Bompai:
Ku bari mu yi lissafi, don shi ba ya son zuciya. Bara Newcastle ce ta yi ta biyar, ta samu gurbin Zakarun Turai da maki 66. Chelsea ta huɗu da 69. Daga 42 zuwa 66 akwai maki 24. Wato wasa takwas cikin waɗanda aka doke mu sai sun koma nasara, ba canjaras ba, nasara. Kuma su waɗanda ke samanmu ba barci suke ba. Liverpool da ta ɗauki kofi da maki 84 ta ƙaro Wirtz da Ekitike da Frimpong da Kerkez. Arsenal ta ɗauko Gyökeres da Zubimendi. Chelsea ta doke PSG ci 3 da nema a watan jiya ta ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi.

Abu na biyu, Auta, ƙwallo ba buhun masara ba ce da za ka ɗauko daga Brentford ka sauke a Manchester adadinta bai canza ba. A can an gina wasa ne a kan Mbeumo da Wissa, shi ke buga fenariti, kuma ƙungiyoyi suna buɗe musu baya saboda ba sa tsoronsu. A nan fenariti na Bruno ne. In su biyun suka haɗa mana 25 ni na gode Allah.

Maman Ilham:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Abin da nake so in gani shi ne mutane goma sha ɗaya masu gudu. Bara sau nawa za a ci mu ƙwallo ɗaya sai ka ga kowa ya sauke kai kamar an aiko masa da rasuwa? Bournemouth ta zo har gida ta zuba mana uku, shekara biyu a jere. Maigidana ɗan Liverpool ne, ku yi tunanin irin zaman da na yi a gidan nan daga Satumba zuwa Mayu. Har yaran sun koyi cewa "Mama yau ma?"

Gunner Na Fagge:
Hajiya ki ba su haƙuri, ranar Lahadi ma za su sake tambaya 😂

Shugaban Zaure:
Wa ya sake shigo da wannan mutumin?

Gunner Na Fagge:
Ranka ya daɗe ni baƙo ne, gaisuwa na zo yi. Na ga kuna maganar huɗun farko ne na ɗauka huɗun farko daga ƙasa ake nufi.

Ɗan Autan Old Trafford:
Wanda rabonsa da kofin Firimiya tun 2004 shi ne yake da baki? Shekara uku a jere kuna na biyu kamar 'yar rakiyar amarya. Kuma ka manta Janairu? Da mutum goma muka fitar da ku daga kofin FA a gidanku, golanmu Bayindir ya tare fenaritin Odegaard ya tare na Havertz.

Gunner Na Fagge:
To sai ku rataye wannan a ɗakin kofuna.

Baba Malam Zariya:
'Ya'yana, ku bar ɗan Arsenal, shi ma da nasa ciwon. Ina so in yi magana a kan abin da Tela ya faɗa, don ya yi magana mai hankali amma ban yarda da shi duka ba.

Ni na fara bin ƙungiyar nan tun ana jin sakamako a rediyo ranar Asabar da yamma, babu gidan kallo, babu waya. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986. Kakarsa ta farko na 11 ya yi. Ya yi na biyu, ya sake komawa na 11, sannan na 13 a 1990. A shekarar ce ya samu kofin FA, kofinsa na farko, bayan fiye da shekara uku. Kofin lig kuwa sai 1993. Da a ce akwai irin wannan zauren a lokacin, da kun kore shi sau goma, da kuma babu kofuna ukun 1999 da kuke taƙama da su.

Tun da ya tafi a 2013 me muka yi? Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick, Ten Hag. Kowa ya zo da irin ɗinkinsa, in yi amfani da maganar Tela, a saya masa 'yan wasa, kafin a gama sai a sallame shi, wanda ya biyo baya ya gaji kayan da ba nasa ba. Shi ya sa ƙungiyar ta zama kamar rigar mahaukaci, kowane ƙyalle da launinsa. Yaron nan Amorim ya karɓi Sporting tana shekara kusan 19 ba ta ɗauki lig ba, ya ɗauka a 2021, ya sake ɗauka a 2024. Ya zo mana a tsakiyar kaka, wasa duk bayan kwana uku, yaushe ya samu lokacin koyarwa? Wannan ce kakarsa ta farko ta gaskiya. Ni abin da nake fata a bana ba matsayi ba ne. Ina so in kai watan Mayu wannan kocin yana nan, kuma in na kalli wasa in gane abin da ake son yi.

Tela Mai Jan Zare:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ce a kore shi ba, wallahi na gaji da korar koci. Amma a duba min wannan: wasa 27 ya ja ragama a Firimiya, ya ci bakwai, maki 27. Maki ɗaya a kowane wasa. Ten Hag da muka yi ta zagi ya kawo kofin Carabao a 2023, ya doke City ya kawo FA a 2024. Kuma shi Amorim da bakinsa, bayan Brighton ta ci mu 3 da 1 a Janairu, ya ce wataƙila wannan ce ƙungiya mafi muni a tarihin United. To in ka san kayan da ke hannunka ba su dace da tsarinka ba, ba sai ka ɗan sassauta ba har a sayo maka naka? Ferguson ai ya sha canza tsari. Wannan kuwa ko ana cin mu biyu saura minti goma, sai ka ga ya cire ɗan baya ya sa wani ɗan bayan.

Baba Malam Zariya:
Wannan ta canjin 'yan baya ni ma tana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Na Maraɗi:
Ina tare da Baba. Kuma akwai abin da ba ku ambata ba: bana ba mu da wasan Turai ko ɗaya. Bara wasa 60 muka buga. Bana wasa ɗaya a mako, sauran kwanakin duk atisaye. Ku tuna Chelsea: ta ƙare ta 10 a 2016, ba ta je Turai ba, Conte ya zo da 'yan baya uku irin wannan, ya mayar da Victor Moses ɗan gefe mai hawa da sauka, suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofi da maki 93. Ban ce za mu ɗauki kofi ba, amma hutun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya Na Bompai:
Na san sai wani ya kawo Conte. Malam, waccan Chelsea ɗin ita ce ta ɗauki kofi a 2015, shekara ɗaya kawai ta yi tana rigima da Mourinho. Hazard yana nan, Costa yana nan, Courtois yana raga. Kuma wa Conte ya sayo? Kanté. Mutumin da ke gudun mutum biyu. Tsarin nan 'yan tsakiya biyu kawai yake da su, in 'yan gefe suka hau sai a bar su su kaɗai da fili kamar na Idi. Mu wa za mu sa a wurin?

Ku lissafa da ni. Cunha da Mbeumo sun cinye gurbin lamba goma guda biyu. Kenan Bruno ya koma baya. Bruno ɗan wasa ne, ba musu, ya ƙi kuɗin Al Hilal ya zauna, Allah ya saka masa. Amma ba mai tsare gida ba ne, inda ƙwallo take nan zuciyarsa take. Abokin zamansa ko Casemiro mai shekara 33, ko Ugarte da in ya ƙwace ƙwallo bai san wa zai ba ba. Mainoo kuma, yaron da ya ci City a wasan ƙarshe na FA, ya koma jiran Bruno ya gaji, shi kuwa Bruno ba ya gajiya. Duk ƙungiyar da ke da 'yan tsakiya uku masu jini a jiki za ta ratsa mu. Ranar Lahadi Rice da Zubimendi da Odegaard za su fara gwada mana.

Tela Mai Jan Zare:
Yawwa Injiniya. Abin da nake ta faɗa kenan, kai ka iya jera shi.

Ɗan Autan Old Trafford:
Ai ana maganar sayo Baleba, ɗan tsakiyar Brighton.

Injiniya Na Bompai:
Ana magana. Ka taɓa ganin Brighton ta sayar da abu da araha? Tambayi Chelsea nawa ta biya a kan Caicedo.

Mai Gidan Kallo Gusau:
Ku kuna maganar hutu, ni ina maganar tuwo. Wannan rashin zuwa Turai da Na Maraɗi yake murna da shi, ni asara ce a wurina. Daren Alhamis bara, in Man U na wasan Yuropa, benci goma sha biyu nake cikawa har wasu su tsaya a bakin ƙofa. Rabin masu zuwa 'yan Man U ne, rabi kuma sun zo ne su ga an ci Man U, duk kuɗinsu ɗaya ne a wurina. Bana Alhamis sai dai in kulle in tafi gida. Ga kuɗin tasha an ƙara, ga man janareta.

Daren da muka kara da Lyon a kofin Yuropa ba zan manta da shi ba. Da suka ci ta huɗu a ƙarin lokaci, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya ce in kashe inji kada in ƙona mai a banza. Bruno ya ci fenariti, babu wanda ya motsa. Da Mainoo ya farke sai na ji gudu daga waje, waɗanda suka kai bakin titi suna dawowa. Kafin su gama shigowa Maguire ya sa kai. Benci biyu aka karya min a daren, wani ya bar takalminsa ƙafa ɗaya har yau bai zo ya ɗauka ba. Washegari na kira kafinta ina biyansa ina dariya.

To abin da nake tsammani bana shi ne kada su mutu tun Disamba. Ƙungiya in tana na 14 ba ta neman komai, ba ta tsoron faɗuwa, ko 'yan adawa ba sa biyan kuɗi su kalle ta. Watan Afrilu da Mayu bara wasanninsu na lig mutum bakwai, takwas nake samu.

Maman Ilham:
Allah sarki. Allah ya kawo kasuwa, Alhaji.

Mai Gidan Kallo Gusau:
Amin Hajiya. Ku dai yi addu'a kada hadari ya taso ranar Lahadi, don da an fara yayyafi hoton yake ɗaukewa.

Ɗan Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Ina ta karantawa ina jiran a zo kan golanmu Onana, na san ba za a tsallake shi ba, to gara in fara da kaina. Mu nan muna son sa, ɗanmu ne, amma gaskiya ɗaya ce: abin da ya yi a Inter har suka kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2023 bai yi shi a United ba. Sai dai ku riƙa adalci. An sayo shi ne don ya fara wasa da ƙafa daga baya, sai aka ba shi 'yan bayan da kowane mako sabbi ne. Martinez ya ji rauni tun Fabrairu, Shaw kullum yana jinya, Yoro yaro ne.

Mbeumo kuwa ku kwantar da hankalinku. Ba mai surutu ba ne, ba mai rawar kai ba, kuma yana komawa baya ya taya tsaro. Abin da zan tuna muku kawai shi ne gasar Afirka a Maroko, daga 21 ga Disamba zuwa 18 ga Janairu. Mbeumo da Onana za su tafi mana, Amad zai tafi Kwaddibuwa, Mazraoui na masu masauki. Ku duba da kyau, ɓangaren dama gaba ɗaya kenan, a lokacin da wasanni suka fi cunkushewa a Ingila.

Tela Mai Jan Zare:
Kai, wannan ban ma yi tunaninta ba. Dalot kenan zai riƙe mana dama wata guda. Innalillahi.

Maman Ilham:
Ɗan Garwa ka yi haƙuri amma 'yan baya ba su ne suka sa Cunha, yana Wolves bara, ya ci shi daga bugun kwana kai tsaye ba. Muna zaune muna kallo ƙwallo ta taso daga tuta ta shige raga.

Ɗan Garwa:
Hajiya mako guda kafin nan Son na Tottenham ya ci Bayindir irin ta sak. Gola biyu, kwana biyu, cikin kwana bakwai. Wannan kuma sai a tambayi masu koyar da su.

Gunner Na Fagge:
Kuna da gololin da ake ci daga kwana, kuma Arsenal za ku fara karɓa. Kun san dai da me muke cin abinci 😂

Shugaban Zaure:
Gargaɗi na ƙarshe.

Abban Sadiq:
Ni duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar ƙungiyar nan ba Amorim ba ce, ba Onana ba ce. Tun 2005 da iyalan Glazer suka saye ta da bashi suka ɗora bashin a kanta, ita ke biyan kuɗin ruwa, su suna kwasar riba. Rufin Old Trafford har yoyo yake. Attajiri Ratcliffe ya shigo a 2024 da hannun jari kashi ashirin da bakwai da ɗoriya cikin ɗari, muka ce an samu mai ceto. Me ya fara yi? Ya ƙara wa Ten Hag kwantiragi a bazara, ya saya masa 'yan wasa, ya kore shi a Oktoba. Ya ɗauko daraktan wasanni Dan Ashworth daga Newcastle, wata biyar ya sallame shi. Sannan ya huce a kan ƙananan ma'aikata, 250 a zagayen farko, ya ƙara kuɗin tikiti, ya fito yana cewa kuɗi na gab da ƙarewa. A watan Maris kuma sai ga zanen sabon filin mai cin mutum 100,000. Wanda ya ce ba shi da na cefane shi ne yake zana bene.

Kuma wai burinsu a ɗauki Firimiya kafin 2028, shekarar da ƙungiyar za ta cika 150. Allah ya nuna mana. Liverpool dai ta kamo mu a yawan kofin lig, 20 da 20.

Baba Malam Zariya:
Wannan ta 20 da 20 ita ce ta fi yi min ciwo a duk abin da aka faɗa yau. Shekaru Ferguson ya yi yana bin su har ya wuce su.

Na Maraɗi:
Abban Sadiq gaskiyarka, amma mu da ke nan me za mu iya yi wa Glazer? Waɗanda ke Manchester ma sun yi zanga-zanga sun gaji. Mu dai a ci wasa.

Ɗan Autan Old Trafford:
Ni abin da ya burge ni da Amorim shi ne ya nuna babu wanda ya fi ƙarfin ƙungiya. Rashford ya tafi aro Barcelona, an ba Cunha lamba 10. Garnacho da Sancho da Antony da Malacia an ware su, ko wasannin share fage na Amurka ba a je da su ba. Da can 'yan wasa ke korar koci, yanzu koci ke korar 'yan wasa.

Abban Sadiq:
Ka ware kaya a gefe ka sanar wa duniya ba ka so, sannan ka ce a saya da tsada? Duk mai saye zai jira ranar rufe kasuwa ya taya yadda ya ga dama. Antony sama da fam miliyan 80 aka sayo shi daga Ajax, ka jira ka ji nawa za a sayar.

Maman Ilham:
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk wanda ya bar mu sai ya zama mutum. McTominay ya je Napoli ya ɗauki kofin lig ɗin Italiya, aka ba shi gwarzon gasar. Antony ya je Betis ya koma kamar ba shi ba. De Gea da muka ce ya tsufa ga shi can a Fiorentina, ranar Asabar ya zo ana ta tafa masa. Anya ba gidan ne ke da matsala ba?

Tela Mai Jan Zare:
Hajiya shi ya sa nake jin tsoron wa yaron nan Sesko. Shekararsa 22, ƙwallo 13 ya ci a lig ɗin Jamus bara, an biya sama da fam miliyan 60. Wannan labarin ai mun taɓa jin sa. Haka aka ɗauko Hojlund daga Atalanta yana ɗan shekara 20, aka ɗora masa ƙungiya a ka, babu wani babba da zai koya a wurinsa, yau ga shi ana neman inda za a kai shi. In Sesko ya yi wasa biyar bai ci ba, ku ne nan za ku fara sa masa suna.

Ɗan Zangon Kumasi:
Osimhen fa? Yuro miliyan 75 Galatasaray ta biya. Mutumin da ya riga ya nuna kansa a Italiya, ga zuciya, ga faɗa. Irin wanda Hajiya take nema kenan. Ko Ighalo da ya zo aro a 2020 ya fi wasu nuna kishin rigar nan.

Injiniya Na Bompai:
Albashinsa ne matsala, ɗan'uwa, kuma ba mu da Zakarun Turai da za mu yi masa tayi da ita. Daren Bilbao ba kofi kaɗai muka rasa ba.

Shugaban Zaure:
To, an yi magana mai yawa. Kamar yadda muka saba, kowa ya faɗi matsayi ɗaya, zan liƙa a saman zaure har Mayu, kada wani ya zo daga baya ya ce ai shi ya faɗa. Wasa biyar na farko: Arsenal a gida, Fulham a waje, Burnley a gida, City a waje, Chelsea a gida. A haɗa da maki nawa za mu samu a cikinsu.

Ɗan Autan Old Trafford:
Na 4. Maki 11.

Injiniya Na Bompai:
Na 8. Maki 7. In an sayo ɗan tsakiya da gola kafin a rufe kasuwa, a mayar min na 6.

Shugaban Zaure:
Babu "in". Ɗaya za ka faɗa.

Injiniya Na Bompai:
To na 8.

Na Maraɗi:
Na 5, maki 9.

Maman Ilham:
Na 6. Kuma a doke Liverpool ko sau ɗaya ne, in samu in yi shara a gidan nan da waƙa.

Ɗan Garwa:
Na 6. Mbeumo 15.

Abban Sadiq:
Na 10. Kuma ba na jin kocin nan zai ga ƙarshen kaka, ba don ina so ba.

Baba Malam Zariya:
Ni ba zan faɗi lamba ba, Shugaba, ka yi min uzurin tsufa. Ka rubuta min cewa Amorim zai kai Mayu.

Gunner Na Fagge:
Na 14, an samu ci gaba da mataki ɗaya.

Shugaban Zaure:
Na cire shi. Wanda ya sake shigo da shi shi ma zai bi shi.

Tela Mai Jan Zare:
Na 7, maki 7. Shugaba ka dawo da shi ranar Lahadi da magariba in mun ci, akwai saƙon da zan ba shi. In kuma ba mu ci ba a bar shi a waje har Burnley.

Mai Gidan Kallo Gusau:
Ni ku rubuta min ko na nawa ne, in dai za a koma Turai. Wanda yake Gusau ya zo da wuri, ana idar da la'asar zan tada inji, kuma bencin gaba na gyara shi amma mutum biyar yake ɗauka, ba takwas ba.